TSARABAR INGILA: Lasisin Gida A Titunan Bamingam

  

A wannan fitowar na ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, tsarabar tafiya na kawo muku. Na san da yawanku kun sha karantawa a littattafai yadda ango zai ɗauke amaryarsa sai birnin Landan, gari na wayewa ya miƙa mata mukullin wata dalleliyar mota, ita kuwa ta yi fari da ido ta shige ta ba ta wuta sai ka ce a titin gidan Zu take. To 'yar uwa, Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ni dai na je Ingila, na kuma riƙe sitiyari a can har wata 3, don haka gyara zama ki ji yadda abin yake, domin wata rana ke ce, ko aure ya kai ki ko karatu.

Babbar Yayarmu ce ke aure a Bamingam, birni na biyu a girma a ƙasar Birtaniya bayan Landan. A watan Satumba na 2024 Allah Ya sauke ta, sai dai sai da aka yi mata aiki aka ciro jaririn. Bisa al'ada Hajiyarmu ce ya kamata ta je zaman jego, to ga ciwon ƙafa, ga shi ba ta shiri da sanyi ko kaɗan, sai ƙuri'a ta faɗo kaina. Na sami bizar ziyara ta wata 6, muka tashi daga Abuja, awa 6 da 'yan kai sai ga mu a Landan.

Mijin Yaya, wanda muke kira Abban yara, shi ya zo tarata. Tun a nan na fara ganin abin mamaki, domin ƙofar gaba ta hagu ya buɗe mini, inda direba ke zama a wajenmu, na leƙa babu sitiyari babu dalilinsa, shi kuwa ya zagaya dama ya zauna. Muna hawa titi na ga motoci duk sun tattara sun koma hannun hagu, masu tahowa suna wucewa ta damanmu fiu-fiu. Tafiyar wajen awa 2 ce zuwa Bamingam, amma wallahi ban fasa salati ba har muka isa.

Kwana 3 da zuwana muna cin abincin dare, ya dube ni yana murmushi ya ce, "Malama marubuciya, an ce kin iya mota. Da gaske ne, ko irin iyawar cikin littafi ce?"

Na ce, "Haba Yallaɓai, ni da nake kai Hajiya asibiti, in kai ta Kantin Kwari in dawo da ita? Lasisina ma yana nan cikin jaka."

"To alhamdu lillahi," in ji shi. "Likita ya ce Yayarki sai ta yi kamar mako 6 kafin ta koma tuƙi, ni kuma tun asuba nake fita aiki wani gari. Ga yara biyu da za a kai makaranta a ɗauko, ga Islamiyya da yamma, ga cefane. Kuɗin tasi ya kusa ganin bayanmu."

Gabana ya yanke ya faɗi ras. Na waiwaya na dubi Yaya, tana kishingiɗe dafe da ciki, ko miƙewa ba ta iya yi sai an kama ta. Ba ta ce komai ba, amma idonta ya gama magana. Na ce a raina, ai abin da ya kawo ni ke nan.

ABIN DA DOKARSU TA CE

A daren ya buɗe shafin gwamnatinsu a kwamfuta muka karanta tare. Ashe dokar Birtaniya ta yarda duk mai cikakken lasisin ƙasarsa, wanda wa'adinsa bai ƙare ba, ya tuƙa ƙaramar mota har tsawon wata 12. In ziyara kika zo, lissafin yana farawa daga ranar da kika shigo ƙasar. In kuwa zama kika zo yi, kamar na aure ko aiki, daga ranar da kika fara zaman ake ƙirgawa, kuma ko kin je gida hutu kin dawo ba a sabunta miki. Wato lasisinmu a can baƙo ne, an karɓe shi hannu bibbiyu amma an yanka masa ranar tafiya.

Akwai wani ɗan littafi da ake kira lasisin ƙasa da ƙasa, wanda mutane ke ɗauka kamar wani gagarumin izini ne na tuƙi a ko'ina a duniya. Fassarar lasisinki ce kawai cikin harsuna daban-daban, ba ya aiki shi kaɗai sai an haɗa shi da na ainihin, kuma ba ya ƙara miki ko kwana ɗaya a kan wata 12 ɗin nan. Tun da namu na Nijeriya da Turanci aka rubuta shi, a Ingila ya wadatar. Akwai kuma wasu ƙasashe da aka yarda mutanensu su miƙa lasisinsu a musanya musu da na Birtaniya ba tare da jarrabawa ba, amma a duk faɗin Afirka guda biyu ne kacal, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Mu dai ba ma ciki.

Sai maganar inshora, wadda ta fi komai tsanani. A wajenmu da zarar mota na da takardu kowa sai ya zari mukulli ya ja. A can kuwa dole inshorar ta san da zaman wanda zai tuƙa. Washegari Abban yara ya buga wa kamfaninsu waya, suka tambayi shekaruna, da shekarun da na yi da lasisi, da ƙasar da ta ba ni, sannan suka sa sunana suka ƙara masa kuɗi, har sai da ya yi ajiyar zuciya. Amma ya ce gara hakan, domin wanda aka kama yana tuƙi ba inshora tarar fam 300 ce, a rubuta masa makin laifi 6, kuma 'yan sanda na da ikon ɗauke motar nan take. Ba sai sun tsayar da ke sun tambaya ba ma, akwai kyamara a motocinsu mai karanta lambar mota ta gaya musu komai.

Da na buga waya gida ina ba Alhajinmu labarin tuƙin hagu, sai ya bushe da dariya ya ce ai shi da hagun ya buɗe ido. Ashe mu ma haka muke yi a da, gadon Turawan mulki, sai ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka koma dama, saboda maƙwabtanmu Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomi, wadda yanzu ake kira Benin, duk dama suke bi. Gana ta biyo baya a 1974. Har gobe kuwa Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu hagu suke bi. A ranar na ƙara gode wa Alhaji, domin shi ne ya kafe a lokacin da zan yi lasisi cewa ba za a karɓo mini ina zaune a ɗaki ba, sai da na yi wata 2 cur a makarantar koyon mota, kuma da mota mai giya da kuloci. Ina ta ƙunƙuni a lokacin ƙawayena na yi mini dariya, ashe guzuri yake ɗaura mini.

BAƘO KO DA IDO MAKAHO NE

Duk da haka ban ɗauki 'ya'yan mutane na faɗa titi da su ba. Yaya ta haɗa ni da matar da ta koya mata, wata dattijuwa 'yar asalin Pakistan mai fara'a, da hijabinta har ƙasa, motarta kuma akwai birki na biyu a gefenta. Darasi 3 muka yi, muka fara da safiyar Lahadi lokacin da titi ba kowa.

Abu na farko da ta ce in riƙe shi ne, a duk ƙasar da kike, in dai motar ƙasar ce, direba shi ke kusa da tsakiyar titi. In kika ga kanki a jikin bakin hanya, to kin hau hannun wasu. Ƙafafu ba su canza ba, kuloci a hagu, birki a tsakiya, totur a dama, giya ce kawai ta koma hannun hagu. Na biyu, in za ki fito daga lungu dama za ki fara dubawa, domin ta nan mota mafi kusa da ke za ta ɓullo.

Sai uwa uba shataletale. 'Yar uwa, Ingila garin shataletale ce, wani ƙato mai layi uku ko huɗu, wani kuwa ɗan farin fenti ne kawai a tsakiyar titi kamar faifai, amma dokarsu ɗaya. Ta hagu ake shiga a zagaya yadda hannun agogo ke tafiya, kuma duk wanda ya taho ta damanki shi ke da hanya, ko da kuwa ɗan keke ne ke kina cikin ƙatuwar mota. Tun daga nesa za ki zaɓi layinki ki ba da sigina. Babu kutse, babu cusa kai, babu wanda zai leƙo ta taga ya ce a yi haƙuri a ba shi hanya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun titi. Sai ki yi mako guda ba ki ji ƙarar ham ba. Doka ma ta hana danna shi a cikin unguwa daga ƙarfe 11:30 na dare zuwa 7 na safe. Haka kuma wutar gaba. A wajenmu in direba ya walƙa miki fitila yana nufin kauce ga ni nan tafe, a can kuwa yawanci yana nufin bismillah wuce, ke kuma ki ɗaga masa hannu alamar godiya. Malamata ta ce ko an walƙa mini kada in motsa sai idona ya tabbatar hanya ta buɗe, don littafin dokokinsu bai ce a dogara da wannan ba.

Ranar Litinin ta biyu na fara kai yara makaranta, ina tafe ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Yaran nan, mai shekara 7 da mai 5, kowanne sai ya hau 'yar kujerarsa ta musamman an ɗaure shi da bel, domin doka ce har sai yaro ya kai shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135. A ƙofar makaranta akwai wani zane ruwan ɗorawa mai lanƙwasa-lanƙwasa, ba a tsayawa a kansa ko da sauke yaro ne. Ga wata tsohuwa da doguwar riga mai ƙyalli da sanda mai faifai a kai, tana ɗaga sandar nan kowa zai ja birki, komai girmansa, har sai yara sun gama tsallakawa. Haka in mai tafiya a ƙasa ya sa ƙafa a kan zanen fari da baƙi na tsallaka titi, ke ce za ki jira shi.

Gudu kuma da mil suke aunawa, mil ɗaya ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi. Cikin gari mil 30 ne, wato wajen kilomita 48, a wasu unguwanni da kusa da makarantu mil 20, a babbar hanya kuwa mil 70, kimanin kilomita 112. Akwai akwatuna ruwan ɗorawa a kan sanduna, kyamarori ne. In kika wuce ƙima babu mai tare ki, wasiƙa ce za ta iske mai motar har gida, mafi ƙarancin tara fam 100 da maki 3. Ba a ganin kowa balle a ce ranka ya daɗe a yi haƙuri. Riƙe waya kuwa ana tuƙi, ko da kina tsaye a danja ne, fam 200 ne da maki 6. A gidan mai ma ke za ki fito ki zuba da hannunki, sannan ki shiga ki biya.

GARIN DA KANSA

Da hannuna ya faɗa sai na fara ganin garin da kyau. Bamingam na da mutane sama da miliyan ɗaya, kuma ƙidayar 2021 ta nuna kusan 3 cikin kowane 10 Musulmi ne. Gidaje jere reras na jan bulo, duk iri ɗaya kamar an buga su da hatimi. In kika shiga titin Alum Rok sai ki rantse ba a Turai kike ba, shagunan abaya da gyale da turare, ga mahauta masu naman halal, ga ƙamshin gasasshen nama ko'ina. Akwai shagunan 'yan Afirka inda muke samun doya da manja da kuɓewa, sai dai tsada kamar me. Ranar Juma'a kuwa babban masallacin gari mai ƙubba da hasumiya cika yake maƙil, baƙi da farare da Larabawa da mutanen Asiya sahu ɗaya.

A arewacin garin akwai wata mahaɗar hanyoyi da suke wa laƙabi da sunan taliya, saboda yadda gadoji suka sarƙe da juna hawa 5, wata kan wata, kamar an juye taliya a faranti. A 1972 aka buɗe ta, shekarar da muka koma dama ke nan. Ranar da na fara bi ta kanta na fita lafiya, sai da na yi wa kaina barka.

A ƙarshen Oktoba yara suka sami hutun mako guda, Yaya kuma ta fara jin ƙarfi, ta ce wallahi ɗaki ya ishe ta. Na ce to a kai ni garin Shekspiya, marubucin nan da aka wahalar da mu da littattafansa a sakandare, mai Makbet da Romiyo da Juliyet. Sunan garin Sitiratfod, bai kai mil 30 daga Bamingam ba. Yaya ta zauna gaba, yara biyu a baya, jariri a tasa kujerar mai kallon baya, domin ba a rungume jariri a cinya a cikin mota ko da uwarsa ce.

Muna fita gari sai duniya ta buɗe. Ciyawa kore shar duk da sanyi, tumaki masu ulu jibgi-jibgi suna kiwo ba makiyayi, ganyayen itatuwa sun koma ja da ruwan ɗorawa suna zuba a kan titi. Hanyar ƙauye siririya ce, shingen ganye ya rufe gefe da gefe, ba kya ganin abin da ke bayan kwana. Alamar da ke wurin, farin faifai da baƙin layi a karkace, tana nufin an yarda a yi mil 60, amma mai hankali ba ya kai wa nan. Muka ci karo da wasu 'yan mata biyu a kan dawaki, na rage gudu kamar mai tafiya a ƙasa na ba su fili sosai kamar yadda aka koya mini, suka ɗaga mana hannu suna murmushi.

Gidan da aka haifi Shekspiya a 1564 yana nan tsaye, ginin katako da ƙasa mai ƙananan tagogi, mutane daga ko'ina a duniya suna layi don su shiga. A garin kuma aka binne shi a 1616, cikin wata tsohuwar majami'a da ke bakin kogin Abon. Muka ajiye mota muka biya kuɗin fakin a na'ura, muka zauna bakin kogin muka buɗe kular dambun shinkafa da Yaya ta sa na dafa, yara na ta kallon wasu fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya. Na dubi Yaya na ga tana dariya har da ƙyaƙyatawa, rabon da in ga haka tun zuwana. Ta ce, "Ƙanwata, Allah Ya yi miki albarka, yau na san ina numfashi." Muka yi maza muka juyo, domin a wannan lokacin tun kafin ƙarfe 5 duhu yake shiga, a Disamba ma kafin 4 rana ta faɗi.

AMARYAR DA TA BA NI TAUSAYI

To amma ba kowa ce ta dace ba. A wani taron mata 'yan Arewa da ake yi wata-wata na haɗu da wata amarya, yarinya kyakkyawa da ba ta wuce shekara 20 ba, da goyonta. Ganin na zo da mota sai ta matso ta ce, "Anti, don Allah ke kika tuƙo kanki?" Na ce ƙwarai. Sai kawai idonta ya ciko da ƙwalla.

Ashe kafin a kawo ta an karɓo mata lasisi a gida, ita kuwa iyakar tuƙinta ta ja mota daga bakin gareji zuwa bakin get. Mijin ya yi ƙoƙari ya saya mata 'yar ƙaramar mota, ta gwada sau ɗaya ta ga shataletale ta ce ba da ita ba. Ana haka ciki ya zo, ana gobe ana jibi har wata 12 suka shuɗe, lasisin ya zama takarda kawai. Motar na nan a ƙofar gida ganye ya rufe ta. Miji na karatu da rana yana aiki da dare, ita kuma in yaro ba lafiya sai ta tura keken jariri cikin ruwan sama da iska ta hau bas biyu kafin ta kai asibiti. Ta ce wani lokaci sai ta yi kwana 5 ba ta leƙa waje ba, daga ita sai bango sai kuka. Gaskiya akwai bas da jirgin ƙasa, mutane da yawa suna rayuwarsu ba mota, amma ga mai jego da ke nesa da tasha a tsakiyar hunturu, abin sai wanda ya gani.

Abin da ya fi damunta shi ne jarrabawa. Duk wanda wa'adinsa ya cika sai ya koma ɗan koyo. Za ki nemi lasisin koyo daga hukumar DVLA, fam 34 ta intanet a lokacin da nake can, ki manna jan harafin L a mota, kuma ba ki da ikon fita sai da wani a gefenki wanda ya haura shekara 21, ya kuma yi shekara 3 da cikakken lasisi. Kafin ki zauna jarrabawa sai kin yi kwana 185 a ƙasar. Ta farko a kwamfuta ce, fam 23, tambaya 50 dole ki ci 43, sannan a nuna miki gajerun finafinai 14 na titi ki riƙa dannawa da zarar kin hango haɗari, ana son maki 44 cikin 75. Kuma tun 2014 aka daina yarda da tafinta, da Turanci za ki yi, ko harshen mutanen Wels. Amaryar nan sau biyu tana faɗuwa a nan, ta ce mini, "Anti, da ina aji ana Turanci hira muke yi a baya, na ɗauka tun da aure zan yi me zai dame ni."

In kin tsallake wannan sai ta titi, fam 62 a ranakun aiki, kuma samun rana kaɗai sai an jira watanni. Za a fara da gwada idonki, ki karanta lambar mota daga nisan mita 20, sannan ki yi tuƙin kamar minti 40 mai jarrabawa na gefe yana rubutu. An yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babba ɗaya tak ya kayar da ke. Waɗanda ke ci ba su kai rabin masu zama ba. Ita kanta Yaya sai a karo na 3 ta samu. In kuma da mota mai canza giya da kanta kika ci, to irinta kaɗai aka yarda ki tuƙa.

Wasu kuma sai su yi kunnen uwar shegu su ci gaba da tuƙi bayan wa'adi. Abban yara ya ba mu labarin wani abokinsa da aka tare a wata na 14, aka ɗauke motar a gaban iyalinsa, ga tara, ga makin laifi tun bai mallaki lasisin ƙasar ba. Ya ce babban abin tsoron ma shi ne a yi haɗari a irin wannan hali, kamfanin inshora na iya zame jikinsa ya bar mutum da bashin da zai daɗe yana biya.

SHAWARATA GARE KI

Ƙanwata 'yar makaranta, ki riƙe karatunki da kyau, har da Turancin da kike gudu, ba ki san inda rana za ta faɗi miki ba. In kin kai shekara 18 iyaye suka amince, ki shiga makarantar koyon mota ta gaskiya, ki koyi mai giya, ki san alamomin hanya, kada ki yarda a karɓo miki lasisi kina kwance a gado. Ran wanka ba a ɓoyon cibi, kuma rayukan mutane ne a hannunki ko a Kano ko a Landan.

Ke kuma da aure zai kai wata ƙasa, kafin ki tashi ki duba wa'adin lasisinki, ki sa maigida ya binciko dokar ƙasar daga bakin hukuma, domin kowace ƙasa da nata tsarin, zancen wance ta ce ba ya fid da mutum a gaban ɗan sanda. In Ingila ce, ki rubuta ranar da kika sauka ki ajiye, ki nemi lasisin koyo da wuri, ki fara karatun jarrabawa tun kina da sauran watanni a hannu. Da sanyin safiya ake kama fara. Maza kuma masu leƙa mujallar matansu a ɓoye, mun san kuna nan, don Allah ku taimaka wa 'ya'yan mutane da kuka raba da danginsu, ku biya musu kuɗin koyo, ku yi haƙuri da su in sun faɗi.

Ita dai amaryar nan kafin in taho mun haɗa ta da malamata, wata baiwar Allah kuma ta ɗauki nauyin zama da ita suna bitar tambayoyi duk Asabar. Ku taya ta da addu'a. A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu zan ba ku labarin yadda ake suna da zaman jego a ƙasar da babu mai ba ki aron murhu balle tukunyar ruwan wanka. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu na gida da na waje, Ya ba 'yan mata mazaje na gari, amin. Sai na ji daga gare ku.